Sayen agogon jan gwal mai awon lokaci: abin dubawa kafin ka ce ka saya

Wata Asabar bayan La'asar yayana ya kira ni, ya ce in bar duk abin da nake yi in same shi a Sabon Garin Zariya, wajen dattijon nan mai gyaran agogo da muka daɗe muna kai wa aiki. Na tarar da shi tsaye da ɗan akwati a hannu. Agogo ne ya saya wa uwargidansa, mai launin jan gwal, da ƙananan da'irori uku a fuska da maɓallai biyu a gefe. A waya ya ga tallarsa, a waya aka yi ciniki, ya tura kuɗi, aka aiko masa ta tasha.

Dattijon ya jinjina agogon a tafin hannu, ya ɗora shi a sikeli, sannan ya maƙala gilashinsa a ido ya buɗe maƙullin sarƙar. Ya daɗe bai ce uffan ba.

"Alhaji, giram nawa aka ce maka?"

"Baba, ai ban tambaya ba."

"To matso ka gani." Ya nuna da bakin sukudireba wani lungu inda sarƙar ke gogar junanta. Jan ya koɗe, fari yana leƙowa daga ƙasa. "Injin yana tafiya, ba laifi. Amma jikin nan ƙarfe ne aka yi wa ruwan gwal."

Har yau lambar mai sayarwar ba ta sake shiga ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, uwargidan da aka saya wa agogon ko ɗan kunne ba ta karɓa sai ta ji karat nawa ne, giram nawa ne, ina rasit. Shi kansa yayan nawa ba ya sayen mota sai makanikinsa ya ɗaga bonet ya saurari inji. To agogon jan gwal mai awon lokaci, wanda ake kira kuronogiraf, abubuwan nan biyu ne a haɗe: gwal ne, kuma inji ne. Rabin ilimin sayensa yana ɗakin iyayenmu mata, rabin yana gareji. Haɗa su kawai za a yi, a bi a sannu.

Tambayar farko: wa zai ɗaura shi?

Jan gwal gwal ne. Na sha jin masu cewa ai wannan ba zinare ba ne, tagulla ce, kuma ba haka ba ne. Zinare tsantsa mai karat 24 ya cika laushi, ba ya jure gogayya, shi ya sa ake gauraya shi. A manyan agoguna karat 18 aka saba: kashi 75 cikin 100 zinare ne, wannan ce ma'anar lambar 750 da ake bugawa a jiki. Ragowar kashi 25 shi ke ba da launi. Idan jan ƙarfe ya rinjaya, da 'yar azurfa kaɗan, sai ya fito ja-ja kamar tsohuwar tasa da ta sha guga. A ma'aunin launi na maƙera, 4N ya fi haske, 5N ya fi ja, amma zinaren da ke cikinsu daidai yake da na rawaya mai karat 18.

Saboda haka hukuncin yana nan yadda yake. Hadisi ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya haramta wa mazan al'ummarsa sanya zinare da alharini, ya halatta wa mata. Ni abin da nake ɗaurawa na farin ƙarfe ne, na jan gwal da na saya kuwa na iyalina ne. Mai launi biyu ma, wanda aka haɗa ƙarfe da gwal, gwal na gaske ne a jikinsa, kada wani ɗan kasuwa ya ce maka ado ne kawai. Da yawa daga cikin samfuran da zan ambata a ƙasa akwai 'yan'uwansu na farin ƙarfe, inji iri ɗaya, ga wanda yake so wa kansa. 'Yan'uwanmu Kiristoci na Wusasa da Sabon Gari wannan hukunci bai hau kansu ba, sauran bayanin kuwa ya shafi kowa.

Amsar tambayar nan ita ce za ta gaya maka girman da za ka nema. Idan na uwargida ne, ko na lefe, ko kyautar 'yar da ta gama jami'a, mai faɗin milimita 38 zuwa 40 ya fi zama a tsintsiyar hannu. Mai 42 a sarƙar gwal yana da nauyi ƙwarai, wanda zai iya gajiyar da hannu kafin a tashi daga wajen biki. Idan kuma kadara ce za a ajiye ko hajar kasuwanci, sai ka nemi wanda ya fi saurin samun mai saye, ba lallai wanda ya fi burge ka ba.

Fahimci injin kafin ka kalli ƙyalli

Kuronogiraf agogo ne mai aiki biyu: yana nuna lokaci, yana kuma auna tsawon wani abu. Louis Moinet ya ƙera irinsa a 1816 domin duban taurari. A 1821 Nicolas Rieussec ya yi nasa domin sukuwar dawaki a Faransa, allurarsa tana ɗiga tawada a fuskar agogon, daga nan sunan ya samo asali, ma'anarsa mai rubuta lokaci. Mu Zazzagawa da doki ke cikin jininmu ba baƙon abu ba ne wannan: duk wanda ya taɓa zama a filin folo ya san ana ƙidaya minti bakwai na kowane zagaye.

Maɓallin sama, wajen ƙarfe 2, shi ke tayarwa da tsayarwa. Na ƙasa, wajen ƙarfe 4, shi ke mayar da allurai sifili. Doguwar allurar tsakiya ta awo ce, tana tsaye cak a kan 12 har sai an danna. Daƙiƙun yau da kullum suna tafiya ne a ɗaya daga cikin ƙananan da'irorin, sauran kuma suna tara mintuna da awoyi. Riƙe wannan da kyau, domin jabu mai araha tun a nan yake tona kansa: doguwar allurarsa tana yawo ba a danna komai ba, ƙananan da'irorin kuma ranakun mako suke nunawa ko ma zane ne kawai.

Agogunan da muke magana ba batir gare su ba, sifirin ne. Wasu sai an wana su da hannu kullum, wasu motsin hannu ke wana su. A ciki akwai abubuwa biyu da ke bambanta inji mai tsada da na gama-gari. Na farko shi ne abin da ke karɓar umarnin maɓalli: ko dai ɗan gargare mai ginshiƙai, wanda danninsa ke da taushi, ko faranti mai lanƙwasa, wanda ya ɗan fi tauri amma ya fi sauƙin gyara. Shahararren injin nan Valjoux 7750, da ake yi tun shekarun 1970, mai faranti ne, kuma jakin aiki ne, kayan gyaransa ba sa wuya. Na biyu kuloci ne, kamar na mota. Mai haɗuwa ta gefe yakan sa allura ta ɗan zabura lokacin tashi, amma ya fi kyan kallo ta gilashin baya. Mai haɗuwa ta sama da ƙasa yana tashi sumul, ana iya barin sa yana aiki ba tare da ya takura wa agogon ba.

Lambobin da ke zagaye da fuska ba ado ba ne. Wanda aka fi gani ma'aunin gudu ne. Idan kana kujerar fasinja a hanyar Kaduna, danna a alamar kilomita ɗaya, tsayar a ta gaba. Daƙiƙa 36 na nufin gudun kilomita 100 a awa, daƙiƙa 45 na nufin 80, allurar da kanta za ta nuna maka. Akwai mai ma'aunin bugun jini, wanda likitocin zamanin da suka yi amfani da shi, kyauta ce mai ma'ana ga 'yar da ke aiki a asibitin koyarwa na Shika. Akwai kuma wanda danni ɗaya ke mayar da allura sifili ta ci gaba nan take, an yi shi ne domin matuƙa jirgin sama, irin waɗanda kwalejinmu ta Zariya ke horarwa tun 1964.

Gidajen ƙera agogo da ake magana

Rolex Daytona ya fito a 1963. A 2005 kamfanin ya ƙirƙiro jan gwal nasa mai suna Everose, wanda aka sa wa ɗan filatinam domin kada jan ya dusashe, kuma a 2008 aka fitar da Daytona mai jiki da sarƙa na Everose, lamba 116505. A 2023 lamba 126505 ta gaje shi, da inji 4131 mai yin awa 72 yana aiki idan an wana shi ya cika. Faɗinsa milimita 40, kuɗin sabo ya haura dala dubu 40, kuma ba shiga shago ake yi a ɗauka ba, sai an jira. Yana da saurin sayuwa, ana kuma yawan yi masa jabu.

Omega Speedmaster, wanda ya fara fitowa a 1957, shi ne ya je duniyar wata a 1969. Jan gwal ɗinsu sunansa Sedna, tun 2013, an haɗa shi da faladiyam. Babban, mai milimita 42, da hannu ake wana shi, akwai kuma mai 38 da ya dace da hannun mata. Zenith El Primero na 1969 yana bugawa sau 36,000 a awa, wato yana iya raba daƙiƙa gida goma, kuma injinsa ne Rolex ta yi amfani da shi a Daytona daga 1988 zuwa 2000 bayan ta yi masa gyare-gyare. A ganina shi ne wanda masu saye suka fi yi wa rashin adalci, ingancinsa ya fi sunansa a kasuwarmu.

Sama da nan akwai Audemars Piguet Royal Oak mai zobe mai kusurwa takwas, ana samun mai awon lokaci a milimita 38 da 41. Akwai Patek Philippe, wadda a 2009 ta fara sa sabon injinta na awon lokaci a agogon mata na jan gwal, lamba 7071R, sannan 7150/250R a 2018. Akwai Datograph na A. Lange & Söhne daga Jamus, tun 1999, wanda masana ke juya shi su kalli bayansa kafin fuskarsa.

Lambar samfuri tana faɗin ƙarfen da aka yi shi da shi. A Rolex lambar ƙarshe 5 Everose ce, 8 rawaya, 9 farin gwal, 0 ƙarfe, 1 ƙarfe da Everose. A Patek harafin R jan gwal ne, J rawaya, G fari, A ƙarfe. Idan lambar samfurin Rolex a katin garanti ta ƙare da 0 agogo kuma ja ne, magana ta ƙare.

Mai ƙaramin ƙarfi ma yana da ƙofa. Akwai tsofaffin agogunan Siwizalan na shekarun 1940 da 1950 da aka rubuta wa Chronographe Suisse, jan gwal karat 18, da yawansu da injin Landeron. Sai dai gwal ɗinsu siriri ne, ƙafafunsu holoƙo ne, suna loɓawa da wuri, ba sa son ruwa ko kaɗan. Na koyo ne da sha'awa, ba na yawon kullum ba.

Inda za ka saya

A Zariya babu wakilin ɗayan waɗannan kamfanoni. Kowane kamfani yana jera wakilansa a shafinsa na intanet, can za ka fara dubawa, ba a bakin dillali ba. A Najeriya Polo Luxury ne wakilin Rolex, a Legas da Abuja. Masu zuwa Dubai sun san Ahmed Seddiqi & Sons. Rolex ba ta sayar da sabon agogo ta intanet, duk wanda ya ce daga kamfani zai turo maka kai tsaye, rabu da shi. Sabo yana zuwa da garantin shekara biyar a Rolex da Omega.

Na hannu shi ne inda riba take, nan ne kuma rami yake. Tun ƙarshen 2022 Rolex ta fara tantance na hannu ta wasu wakilanta, da garantin shekara biyu. Kasuwar intanet ta Chrono24 tana riƙe kuɗin mai saye har kaya ya iso. Idan kuma wajen mutum ne a gida, to mutumin kake saye kafin agogon. Yana da shago da za ka koma gobe? Wa ya taɓa saye a hannunsa da za ka iya tambaya? Zai yarda a kai wa mai dubawa na zaɓinka? Wanda ya ce wani Alhaji yana jira, ka turo kafin alƙalami yanzu-yanzu, so yake ya hana ka tunani. Farashin da ya faɗo ƙasa da na kasuwa sosai kuma ba sa'a ba ce, ko jabu ne ko na sata. Araha ba ta ado.

Ranar dubawa

Nan ne aikin yake, kada ka yi gaggawa. Ka je da rana, ka zauna inda hasken rana ke shigowa, da sikelin gwal, da gilashin ƙara girma, da mutumin da ya san agogo. Idan uwargida ta san gwal, je da ita, idonta ya fi naka a wannan fanni.

Fara da nauyi. Gwal mai karat 18 ya kusa ninka ƙarfe nauyi. Daytona na ƙarfe yana wajen giram 140, na gwal da cikakkiyar sarƙa yana wajen 200. Nemi nauyin samfurin tun daga gida, ka ƙirga 'ya'yan sarƙar domin ka san ko an cire wasu. Nauyi kaɗai bai isa shaida ba, domin masu jabu sun koyi cusa tangistin, ƙarfen da nauyinsa ya yi daidai da na zinare, amma yana kore mafi yawan na bogi.

Sai hatimi. Agogon gwal na Siwizalan yana ɗauke da 750, sau da yawa a cikin hoton sikeli, da hatimin hukuma: kan karen Saint Bernard daga 1995, kafin nan kuma kan wata mace da suke kira Helvetia. Duba bayan ƙafafun da sarƙa ke kamawa, da murfin baya, da cikin maƙulli. Na gaske ƙanana ne amma tsaf suke, gefensu a yanke. Idan ka ga an rubuta Plaqué, ko GP, ko PVD, ruwan gwal ne, kuma su ba ƙarya suka yi maka ba, tun da sun rubuta. Daga nan bi lungunan da ake gogawa, kamar yadda dattijon Sabon Gari ya yi. Kada ka yarda a goga agogon a dutse a zuba masa asid yadda ake gwada sarƙa, tabon ba ya fita. Na'urar haske da manyan masu gwal ke amfani da ita ba ta yin tabo, amma sama-sama take karantawa, ruwan gwal mai kauri yana iya ruɗar ta.

Sai lambar jiki. A Rolex na zamani tana zane a zoben ciki, ƙarƙashin gilashi, wajen ƙarfe 6. Dole ta yi daidai da ta katin garanti, harafi da harafi. Akwati da kati ma ana buga jabunsu, saboda haka su ƙarin shaida ne, ba su ne shaidar ba. Ka kuma bincika lambar a The Watch Register, rumbun da ke Landan mai tattara lambobin agogunan da aka sace. 'Yan kuɗi kaɗan ake biya. Agogon sata idan ya je kamfani gyara ana iya riƙe shi.

Yanzu gwada awon. A Daytona sai ka fara kwance maɓallan, domin murɗe su ake yi. Danna na sama, ka ji yadda yake shiga. Bar shi ya wuce minti ɗaya, ka ga allurar mintuna ta matsa. Kada ka tsaya nan, ku ci gaba da hira ya yi rabin awa ko fiye, ka ga allurar awoyi ta motsa. Tsayar, sannan danna na ƙasa: kowace allura ta koma kan sifili daidai, ba gefe kaɗan ba. Maimaita sau uku ko huɗu. Lura da wurin ƙaramar allurar daƙiƙu: a Daytona na bayan 2000 tana wajen ƙarfe 6, a babban Speedmaster tana wajen 9.

Akwai na'urar da ke sauraron bugun agogo ta faɗi daƙiƙa nawa yake ƙari ko ragi a rana. Ma'aunin COSC, hukumar Siwizalan mai gwada daidaiton agoguna, shi ne ragin 4 zuwa ƙarin 6, Rolex tana alƙawarin 2 ko ta wane gefe. Wanda ya kauce da nisa yana neman sabis, a cire kuɗin daga farashi. Jabun zamani ya kai matsayin da sai an buɗe baya ake gane shi, don haka idan kuɗin masu yawa ne, a buɗe a gaban mai shi, a hannun wanda ke da mabuɗin da ya dace.

Abu biyu na ƙarshe da ake yawan mantawa. Gogewa da inji tana cin gwal: idan kusurwoyin jiki sun zama dunƙule, hatimi ya shafe, an goge shi fiye da kima, darajarsa ta sauka. Duwatsun da aka liƙa a waje kuma, ko da lu'ulu'u ne na gaske, rage daraja suke yi, kamfani ma yana iya ƙin karɓar sa gyara. Riƙe sarƙar a kwance ta gefe: idan ta sunkuya kamar reshe, ta saki, kuma gyaran sarƙar gwal ba ƙaramin kuɗi ba ne.

Biyan kuɗi

Tun da zinare ne, ƙa'idar hannu da hannu ta shigo. Mafi yawan malaman zamani suna ɗaukar kuɗin takarda a matsayin zinare da azurfa wajen canji, saboda haka a biya a karɓa a zama ɗaya, a guji bashi da biya kaɗan-kaɗan. Idan Hajiya tana so ta ba da tsofaffin sarƙoƙinta a musanya, hanya mai tsabta ita ce ta sayar da su ta karɓi kuɗinta, sannan ta sayi agogon. Hadisin Fadala ɗan Ubaidu, wanda ya sayi sarƙa mai zinare da duwatsu da dinari 12 ranar Khaibar aka hana sai an rarrabe, shi ne madogara a nan.

Biya ta banki, zuwa asusu mai sunan wanda ke gabanka. Rasit ya ɗauki lambar samfuri, lambar jiki, karat, nauyi, kwanan wata, da sharaɗin mayarwa idan ya fito jabu, shaidu biyu su sa hannu. La'adar dillali a yanke ta tun kafin sallama. Wanda ya sayo daga waje ya bayyana wa kwastam, ya adana takardar, ita ma tana cikin tarihin agogon.

Lissafinka kuma ka yi shi da dala. Tun da aka saki naira a Yunin 2023 mutane da yawa suna ganin agogonsu ya ninka, alhali naira ce ta faɗi. A dala, kasuwar na hannu ta kai ƙololuwa a farkon 2022 sannan ta sauko, waɗanda suka saya a lokacin da yawa ba su mayar da uwar kuɗi ba. Zinare ya haura dala 4,000 kowane oza a Oktoban 2025, kamfanoni suka ƙara kuɗin sabo, amma zinaren da ke jikin agogo wani yanki ne kawai na farashinsa, sauran na suna ne da aiki. Mai neman ajiyar zinare zalla, sarƙa ko dunƙule sun fi masa.

Zama da shi a garinmu

Ƙurar hunturu tana shiga ta maɓallai, ta haɗu da man inji ta zama kamar yashi. A tabbatar an murɗe abin wana agogon da maɓallai sun rufu. Lokacin alwala a cire shi, musamman mai maɗaurin fata ko tsoho, kuma ko da an rubuta yana jure ruwan mita 100, kada a danna maɓalli yana jiƙe. Zufar bazara da sinadarin wankin kaya suna dusasar da jan, domin jan ƙarfen da ke ciki suke taɓawa. A shafa humra da turare su bushe kafin a ɗaura. Man bilicin mai sinadarin makuri kuwa yana cin zinare kai tsaye, ya bar farin tabo. Maganaɗisun maƙullin jaka da na sifika suna sa agogo ya riƙa sauri. Mai kwanan wata kada a canja masa kwana tsakanin ƙarfe 8 na dare da 3 na asuba. Gogewa da ƙyalle mai laushi ta isa.

Rolex tana ba da shawarar sabis kusan duk shekara goma, Omega shekara biyar zuwa takwas, kuma a irin ƙurarmu kada ka jira ƙarshen wa'adi. Dattawanmu masu gyara suna da ido da hannu, amma kayan gyara na asali kamfanoni ba sa sakin su, saboda haka babban sabis wajen wakili ake kaiwa. Ka rubuta musu a fili cewa ba ka son gogewa, kuma a dawo maka da duk abin da aka cire idan suna bayarwa. Hoton agogo a dandalin sada zumunta kiran ɓarawo ne, haka ɗaura shi a doguwar tafiya ta mota.

Idan ya zama tari

Guda uku da ka san tarihinsu sun fi goma da aka tsinto. Zaɓi layi ɗaya ka bi: ko na wanin hannu, ko na shekarun 1950, ko gida ɗaya. Bar wata shida aƙalla tsakanin saye da saye, domin abin da ya burge ka a hoto sau da yawa yana sanyi a zuci kafin nan.

Zakka ma tana nan. Nisabin zinare misƙali 20 ne, kimanin giram 85 na tsantsa, ana fitar da kashi 2.5 cikin 100 bayan shekara. A Malikiyya kayan adon da mace ke sanyawa babu zakka a kansu, amma wanda aka ajiye a matsayin kadara akwai, na kasuwanci kuma hukuncin haja yake bi. Idan gwal ɗin jikin agogo, ban da inji da gilashi, ya kai giram 120 na karat 18, tsantsarsa giram 90 ke nan, shi kaɗai ya cika nisabi. Kai wa malaminka lissafin da nauyi a rubuce.

Ka buɗe littafi ɗaya. Kowane agogo da shafinsa: lambar samfuri, lambar jiki, nauyi, ranar saye, wajen wa, nawa da dala, ranar sabis, da sunan wanda aka saya wa idan kyauta ce, domin kada ya shiga rabon gado bisa kuskure. Katin garanti da rasit a ajiye su daban da agogon. Sannan ka nuna wa iyalinka littafin tun kana raye, ka rubuta musu inda za su kai idan sayarwa ta kama. In ba haka ba, wajen mai gwal za su nufa, shi kuma zai cire injin ya ajiye gefe, ya ɗora jikin a sikeli, ya biya su kuɗin giram.